TARIHI: Muhammadu Ribaɗu, Ma'ajin Adamawa da ya aza harsashin masana'antar makamai ta Najeriya

Shekarar 1964 ta bar wa Najeriya abubuwa uku da har yau ake ware musu kaso a kasafin kuɗin tarayya: Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, da Rundunar Sojan Sama, da kuma Hukumar Masana'antun Tsaro, wadda aka fi sani da DICON. Duka ukun daga teburin minista ɗaya suka fito, Alhaji Muhammadu Ribaɗu, wanda ya riƙe Ma'aikatar Tsaro daga 1960 har zuwa rasuwarsa a 1965.

Ribaɗu ba soja ba ne. Malamin makaranta ne da ya zama ma'aji, ya zama hakimi, sannan siyasa ta kai shi Legas. Da idon ma'aji ya dubi harkar tsaro, ya ga cewa ƙasar da ke sayen kowane harsashi daga waje tsaronta na hannun mai sayar mata. Kwalejin da ya kafa ta yaye hafsoshi dubbai, rundunar saman ta girma, amma masana'antar makaman ta shafe shekaru tana rarrafe. Tarihin mutumin da na masana'antar a haɗe suke, kuma akwai abin dubawa a cikinsu ga duk wanda fayil ɗin kwangilar gwamnati ke bi ta hannunsa a Abuja.

Daga Balala zuwa baitulmali

An haifi Muhammadu Ribaɗu wajajen 1910 a gundumar Balala da ke masarautar Adamawa, a gidan sarauta, domin mahaifinsa shi ne hakimin gundumar. Ya buɗi ido ne a ƙasar da Turawa suka riga suka tsaga biyu. A 1901 Ingilishi suka ci Yola da yaƙi, Lamiɗo Zubairu ya fice daga birninsa, Jamusawa kuma suka kama Garwa da mafi girman ƙasar da Modibbo Adama ya kafa. Dattawan da suka rene shi sun ga yadda dawaki da masu da kibau suka kasa tsayawa a gaban bindiga mai sarrafa kanta.

Bayan karatun allo ya shiga makarantar Midil ta Yola, inda daga baya ya koyar. Daga aji ya koma baitulmalin En'e ta Adamawa, ya yi aiki har ya kai matsayin Ma'aji. Da mahaifinsa ya rasu a 1936 aka naɗa shi hakimin Balala.

Aikin baitulmali a wancan zamani makaranta ce mai tsanani. Ma'aji ne ke karɓar haraji da jangali, ya biya albashin alƙalai da dogarai da malaman gona, ya tsara ƙiyasin shekara wanda Razdan zai bi layi-layi kafin ya sa hannu. Rarar da ta saura kuwa akan ajiye ta ne a Landan, a zuba ta cikin takardun lamuni na Ingila da ƙasashen da take mulka. Ta haka kuɗin manomin Adamawa ya riƙa yi wa wasu aiki a ƙetare, alhali lardinsa na fama da rashin hanya.

Lardin Adamawa na lokacin, tun daga gyaran iyakokin 1926, ya haɗa da masarautar Muri, wato Jalingo da Lau da kewayensu, waɗanda yanzu ke cikin jihar Taraba. Lau tashar jiragen ruwa ce a bakin Binuwai. Idan damina ta yi nisa kogi ya cika, jiragen kamfanonin Turawa kan hauro daga Lakwaja, su sauke gishiri da atamfa da kananzir da kayan ƙarfe, su loda gyaɗa da auduga da riɗi su gangara teku. Da ruwa ya janye, sai a jira baɗi. Duk wanda ya yi aikin lissafi a wannan lardi ya san tsarin ba tare da an karanta masa ba: ɗanyen kaya ke fita, sarrafaffe ke shigowa, mai jirgi kuma shi ke yanka farashi a duka biyun.

Hanyar Legas

A 1946 ya tafi Ingila nazarin tafiyar da ƙananan hukumomi. Shekara guda bayan haka ya shiga Majalisar Dokokin Arewa da ke Kaduna, inda ya haɗu da Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran 'yan bokon farko na Arewa. Ya halarci babban taron tsarin mulki na Ibadan a 1950, wanda a cikinsa wakilan Arewa suka dage sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma suka samu.

Da aka kafa majalisar ministoci ta tsakiya a 1952, Arewa ta aika mutum huɗu: Tafawa Ɓalewa, da Shettima Kashim Ibrahim, da Sarkin Katsina Usman Nagogo, da Ribaɗu, wanda aka ba Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa. Yana Legas aka yi rikicin 1953 kan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956, lokacin da aka yi wa wakilan Arewa ihu a titi, abin da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na shekarar. A 1954 aka zaɓe shi mataimakin shugaba na biyu na jam'iyyar NPC, bayan Sardauna Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa, aka kuma ba shi Ma'aikatar Filaye da Ma'adinai da Lantarki. Yana kan wannan kujera aka gano man fetur a Oloibiri a 1956. Daga baya ya riƙe harkokin birnin Legas, a daidai lokacin da ake rusa cunkoson tsakiyar birnin ana mai da mazauna Surulere, don shirya wa bikin 'yancin kai.

Waɗanda suka rubuta tarihin Jamhuriya ta Farko sun haɗu a kan cewa Ribaɗu ne ƙarfen ƙafar NPC a Legas. Tafawa Ɓalewa mutum ne mai sanyin hali da lallashi; Sardauna na Kaduna, nesa da majalisar tarayya. Ribaɗu ne ke tsakani, yana tsawata wa 'yan majalisar jam'iyyarsa, yana cinikin siyasa da abokan ƙawance na NCNC, musamman Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Yana kuma cikin 'yan ƙalilan da ke iya faɗa wa Sardauna gaskiya ido da ido a saurare su.

Rundunar da ya gada

Sojan da Najeriya ta karɓa a 1960 ƙaramar runduna ce mai bataliya biyar, wadda Turawa suka gina don kwantar da tarzoma da yi wa daularsu yaƙi a Habasha da Bama. Babban kwamandanta Bature ne, haka ma mafi yawan manyan hafsoshinta. Babu jirgin yaƙi ko ɗaya na sama, rundunar ruwa kuma 'yan tsofaffin jirage gare ta. Bindiga da harsashi da takalmi duk daga Ingila suke zuwa.

Tun a watannin farko aka jarraba sabon ministan. An tura sojojin Najeriya Kwango a ƙarƙashin tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka zauna can har 1964. A Janairun 1961 Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara. A Fabrairun shekarar aka yi ƙuri'ar raba-gardama a Arewacin Kamaru, mutanen yankin suka zaɓi Najeriya, aka kafa Lardin Sardauna, iyakar gabas ta koma kan duwatsun da ke bayan ƙasar haihuwarsa.

Babbar guguwar ita ce yarjejeniyar tsaro da Birtaniya, wadda ta ba jiragen sojan Ingila damar ratsa sararin Najeriya, ita kuma Ingila ta ɗauki alƙawarin horo da kayan aiki. Jam'iyyar adawa ta AG ta ce mulkin mallaka ne ya dawo ta taga. A Nuwamban 1960 ɗaliban jami'ar Ibadan suka yi tattaki zuwa Legas, suka kutsa harabar majalisa. Gwamnati ta kare yarjejeniyar na ɗan lokaci, sannan a Janairun 1962 aka soke ta.

Sokewar ce ta buɗe wa Ribaɗu ƙofa. Tunda an daina dogaro da gida ɗaya, sai ya rarraba ƙafa. Indiya ta turo malaman da suka kafa NDA, Birgediya M.R. Varma ya zama kwamandanta na farko. Ɗaliban tuƙin jirgi na farko aka tura su Habasha a 1962, wasu suka bi zuwa Kanada da Indiya. Holan aka ba kwangilar ƙera babban jirgin ruwan yaƙi, NNS Nigeria. Jamus ta Yamma kuwa ta ɗauki nauyin biyu mafi nauyi: gina rundunar sama, wadda Kanar Gerhard Kahtz ya fara shugabanta, da jiragen koyo da na sintiri irin su Dornier 27 da Piaggio 149, da kuma masana'antar makamai. Jikokin waɗanda suka raba Adamawa da Ingilishi su ne ɗan Adamawa ya ɗauko haya.

Kakuri

Dokar da ta kafa hukumar masana'antun tsaro ta fito daga majalisa a 1964. Kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya zana ya kuma gina masana'antar a Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, kusa da layin dogo. An tsara ta don ta riƙa fitar da bindigogi samfurin BM59 guda 5,000 a shekara, da ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu guda 18,000, da harsasai miliyan 12 na manyan bindigogi da miliyan 4 na ƙanana. Zanen bindigogin na kamfanin Beretta ne na Italiya, aka sayi izinin ƙera su a gida.

Lissafin da ke bayan wannan jari ba boyayye ba ne. Makami kaya ne da mai sayarwa kan iya hanawa a ranar da aka fi buƙatarsa, ko da kuɗi na hannu. Harsashi kuma abu ne mai ƙarewa kullum, a fagen daga da filin atisaye, don haka kuɗin ƙetaren da yake ci ba ya yankewa. Bayan wannan, masana'antar da ta iya yanka ƙarfe daidai da awon bakin bindiga za ta iya yin kayan gyaran jirgin ƙasa da na injin ban-ruwa, kuma makanikan da ta horar za su bazu cikin sauran masana'antu.

Amma an bar gibi tun daga tushe. Ƙarfen da ake sarrafawa, da tagullar kwanson harsashi, da sinadaran albarushi, duk daga waje ake shigo da su. Manyan injiniyoyi da manajoji Jamusawa ne. Mai saye kuma ɗaya ne tal, wato gwamnati, wadda babu dokar da ta tilasta mata sayen na gida kafin ta leƙa waje. Waɗannan ukun su ne aikin da ya rage wa wanda ya aza tubalin, sai ajali ya riga shi.

Rabon guraben hafsoshi

Babu matakin Ribaɗu da aka fi yin jayayya a kansa kamar tsarin kason yankuna na 1961 wajen ɗaukar hafsoshi: rabi ga Arewa, kashi 25 cikin 100 ga Gabas, kashi 25 ga Yamma. Kafin nan mafi yawan kuratan da ke riƙe da bindiga 'yan Arewa ne, mafi yawan hafsoshi 'yan ƙasa kuma daga Kudu suke, musamman Gabas, saboda can boko ya fi nisa. Ƙaramin ministan soja, Ibrahim Tako Galadima, ya bi makarantun sakandaren Arewa yana jan hankalin samari. Daga wannan zamani ne Muhammadu Buhari da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar suka shiga soja. Theophilus Danjuma, ɗan Takum, ya ɗan riga su, ya shiga a 1960, kuma shi ma daga baya ya zauna a kujerar Ribaɗu daga 1999 zuwa 2003.

Magoya bayan tsarin sun ce rundunar da hafsoshinta suka fito daga kusurwa ɗaya ba za ta zama ta ƙasa ba. Masu suka sun ce an shigar da siyasa bariki, an kuma sa hafsoshin Kudu jin cewa ƙarin girmansu na hannun 'yan siyasa. Kowane ɓangare na da hujjar da tarihi ya gaskata. Ƙa'idar daidaiton wakilci da ke cikin kundin tsarin mulki tun 1979, wadda kowane ma'aikacin tarayya ya san tasirinta a kan ɗaukar aiki, jikanyar wannan tsari ce.

A ƙarshen 1964 rikicin zaɓen tarayya ya kai ga Shugaban Ƙasa Nnamdi Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati na wasu kwanaki. Shugabannin rundunoni suka tsaya a kan shawarar masana shari'a cewa umarnin aiki daga Firayim Minista da ministocinsa yake fitowa, aka sasanta a farkon Janairun 1965. Wata guda bayan haka kwamandan Bature na ƙarshe, Manjo Janar Welby-Everard, ya miƙa ragama ga Johnson Aguiyi-Ironsi. Mai da rundunar hannun 'yan ƙasa, wanda aka ɗora wa Ribaɗu, ya kammala.

Rasuwarsa da abin da ya biyo baya

Ranar 1 ga Mayu, 1965, aka shirya Sardauna zai karrama shi tare da Tafawa Ɓalewa da lambar girma ta Usmaniyya a Kaduna. Da safiyar ranar Allah Ya yi masa rasuwa, yana da kimanin shekara 55. Alhaji Inuwa Wada ne ya gaje shi a ma'aikatar.

Wata takwas da rabi bayan haka, ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu manjoji suka kashe Firayim Minista da Sardauna da Akintola da Okotie-Eboh, tare da manyan hafsoshi irin su Zakariya Maimalari da Samuel Ademulegun da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam. Da yawa daga cikin 'yan siyasar zamanin sun tafi a kan cewa da Ribaɗu na raye da ya shaƙi ƙaurin makircin tun kafin ya nuna, saboda yadda ya san bariki da mutanen cikinsa. Wannan zato ne na masu jimami, kuma rigingimun Yamma da na ƙasar Tibi da suka share wa juyin mulkin hanya sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Abin da ba a jayayya a kai shi ne gwamnatin ta rasa mai tsawatarwarta a lokacin da ta fi buƙatarsa.

Yaƙin Basasa ya gaskata lissafinsa na farko. Da aka fara faɗa a Yulin 1967, Amurka ta ƙi sayar wa gwamnatin tarayya makamai, Birtaniya ta hana jiragen yaƙi, sai da Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyet aka samo jiragen MiG. A wannan tsakani masana'antar Kakuri ta yi aiki dare da rana tana ciyar da fagen daga da harsasai.

Da yaƙi ya ƙare a 1970, kuɗin mai ya shigo, sayen kaya daga waje ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗi ga masu rattaba hannu. Jamusawa suka tattara nasu suka tafi. Masana'antar ta koma neman abin da za ta riƙe ma'aikata da shi, har ta shahara da yin kujeru da tebura da kayan famfon ƙauye. An yi yunƙurin farfaɗo da ita da izinin ƙera bindigogin kamfanin FN na Beljiyam, daga baya kuma da bindigar OBJ-006 a zamanin Obasanjo. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, wanda aka aza tubalinsa a 1980 don ya toshe gibin farko, har yau bai kammala ba.

Sa'o'in DICON a wasu ƙasashe

A shekarar da aka kafa DICON, Indiya ta haɗe masana'antun jiragenta ta kafa Hindustan Aeronautics. Yau kamfanin na ƙera jiragen yaƙi da masu saukar ungulu, kuma tun 2018 ake cinikin hannun jarinsa a kasuwa. Burazil ta kafa Embraer a 1969, shekara biyar bayan DICON. Ta riga ta gina makarantar injiniyoyin jiragen sama tun 1950, rundunar samanta ta zama mai sayen farko na jiragen kamfanin, sannan aka yi doka da ta bai wa kamfanonin ƙasar damar karkatar da kashi 1 cikin 100 na harajinsu zuwa sayen hannun jarinsa. A 1994 aka sayar da shi ga 'yan kasuwa, gwamnati ta riƙe ikon hawa kujerar na-ƙi a kan abin da ya shafi tsaro.

Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, a cinikin da ya kai kusan dala miliyan 500, zanen Embraer ne, an harhaɗa su a Amurka, kuma sai da aka shafe shekaru ana jiran amincewar Washington. Kafin nan, a 2014, Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram. Abin da ma'ajin Adamawa ya hango ya sake faruwa bayan shekara 50.

A Disamban 2019 aka ƙaddamar da motar sulke ta Ezugwu da aka haɗa a Kaduna. A Nuwamban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar DICON, wadda ta maye gurbin tsohuwar, ta kuma buɗe ƙofa ga jarin 'yan kasuwa da haɗin gwiwa da kamfanonin gida da na waje. Mai zuba jari a irin wannan masana'anta abu uku yake tambaya kafin ya saki kuɗinsa: ko gwamnati za ta yi odar shekaru masu yawa, ko za ta biya a kan lokaci, da kuma inda ƙarfe da wuta za su fito. Amsoshin na cikin takardun da manyan sakatarori da daraktocin sayayya da mataimakan ministoci ke rubutawa. Mutanen Lau da Karim Lamiɗo da sauran garuruwan bakin Binuwai, waɗanda rikicin manoma da makiyaya ya sha raba su da gidajensu, suna cikin masu jiran sakamakon, domin sojan da aka tura musu da abin da aka saya masa yake aiki.

Sunan Ribaɗu na nan a kan barikin tsohuwar NDA a Kaduna, da titin da ya bi ta gaban barikin Dodan a Ikoyi, da babban dandalin taro na Jimeta. Masana'antar Kakuri ma na nan inda ya bar ta, ta haura shekara 60. Allah Ya jiƙansa da rahama.